Yadda Ake Mallakar Injin CNC a Ƙaramin Shagon Kafinta da Koyon Aiki da Shi

Duk kafintan da ke yin kayan ɗaki a yau ya san inda kasuwa ta karkata. Uwar amarya ta zo da hoto a waya, ta nuna maka kan gado mai zanen fure ko ƙofar kabod mai layuka da suka fita tsaf, ta ce irin wannan take so. Da kurfi da guduma za ka iya yi, amma sai ka kwashe kwanaki, kuma na biyu ba zai fito daidai da na farko ba. Wannan shi ne aikin injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa. Tebur ne mai gada a samansa, gadar tana ɗauke da mota, wato injin lantarki mai juya bakin yanka. Motar ana kiranta sifindul, bakin yankan kuma bit. Kan injin yana tafiya ta hanya uku: hagu da dama shi ne X, gaba da baya shi ne Y, sama da ƙasa shi ne Z.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, injin nan ba shi da ido kuma ba ya jin katako. Hannunka yana sanin lokacin da zarto ya cije, ka sassauta. Shi kuwa abin da ka rubuta masa shi zai yi, ko da kuwa zai bi ta kan ƙarfe ne. Saboda haka koyon CNC shi ne koyon mayar da abin da hannunka ya riga ya sani zuwa lambobi.

Mataki na farko: aikinka ne zai zaɓa maka inji

Kafin ka tambayi farashi, ɗauki littafin odarka ka duba abin da aka fi kawo maka a wata shida da suka wuce. Lambar da ke jikin sunan inji faɗin teburinsa ce. Mai suna 3018 santimita 30 ne da 18, na koyo ne da ƙananan zane, ba zai ciyar da shago ba. Mai suna 6090 santimita 60 da 90 ne, ya isa allon suna, allon karramawa, haruffan shago da ƙananan ƙofofin kabod. Mai suna 1325 santimita 130 da 250 ne, an yi shi ne don ya ɗauki cikakken fallen MDF (garin katako da aka matse da gam) ko filawud mai ƙafa 4 da 8, wato milimita 1220 da 2440. In gado da wadirof da ƙofofi ne abincinka, 1325 ne naka. Wanda ya sayi ƙarami don araha alhali manyan kaya yake yi, kullum zai ƙare da yanka falle gunduwa-gunduwa yana haɗa zane, kuma mahaɗar ba ta ɓoyuwa.

Yawancin injinan da ke shigowa ƙasashenmu daga Sin suke, kuma birnin Jinan na lardin Shandong shi ne cibiyar masu ƙera su. Ko ta hannun dila za ka saya, ko kai tsaye ta kwantena, ko na hannu daga wani shago, ga tambayoyin da za ka yi. Sifindul ɗin kilowat nawa ne, kuma da ruwa ake sanyaya shi ko da iska? Kilowat 2.2 zuwa 3 ya wadaci aikin katako. Wace irin wuta yake ci, mai layi ɗaya ta bolt 220 ko mai layi uku ta 380? Wannan tambaya ita ce ta fi kowace muhimmanci, domin akwai wanda injinsa ya iso ya zauna cikin akwati saboda unguwarsu babu layi uku. Wane irin kwakwalwa ke tuƙa shi, wato na'urar da ke ba shi umarni? Akwai na hannu irin RichAuto, wanda ake sa masa filas ba sai an ajiye kwamfuta kusa da ƙura ba, akwai kuma masu bukatar kwamfuta irin Mach3 da NC Studio, ƙananan injina kuma galibi GRBL suke amfani da shi. A shagon da ƙura ta yi yawa ni na fi son na hannu. Sannan ka nemi a haɗa maka da kayan gyara tun a odar farko: direba guda (na'urar da ke sarrafa motar tafiyar inji), bel, makunnan iyaka masu nuna wa inji ƙarshen tebur, famfon ruwa da kolet iri-iri, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe bit a bakin sifindul.

In injin da aka riga aka yi aiki da shi ne, kada ka biya sai an yanka wani abu a gabanka. Kama kan injin ka girgiza a hankali, in yana da wasa to boris ko reli sun ci. Saurari sifindul yana juyi ba tare da yanka ba, ƙara mai kama da niƙa alamar boris ɗinsa ya kusa tafiya ce.

Mataki na biyu: wuri da wuta

Babban inji yana kai tan guda ko fiye, don haka auna ƙofar shago tun kafin ya taso, kuma ka san yadda za a sauke shi daga mota. Daɓen siminti mai ƙwari yake so, a daidaita ƙafafunsa da ma'aunin lebur. Bar fili na aƙalla mita ɗaya ta kowane gefe, ta gaba kuma ka bar inda mutum biyu za su juya da cikakken falle.

Maganar wuta kuwa sai an zauna. Tattara abin da sifindul ke ci, da motocin tafiya, da injin zuƙar ƙura, da famfo, ka sayi janareta da ya ɗara jimillar da rata mai kyau, domin mota tana jan wuta sosai a lokacin tashi. In teburinka mai zuƙar falle da iska ne, famfonsa kaɗai yakan ci kilowat 5.5 ko 7.5, abin da ya sa ƙaramin shago ya fi dacewa da tebur mai ramukan ɗaure kilam, wato ƙarfen danne katako. Sa sitabilaiza mai ƙarfi a gaban injin. Kada mai walda ya raba layi ɗaya da kai. Kuma a kafa sandar tagulla a ƙasa a haɗa jikin injin da ita da waya mai kauri. Mutane suna raina wannan wayar ƙasa, alhali rashinta kan sa inji ya riƙa tsayawa haka kawai ko ya kauce daga layi, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe, ƙura na gogar bututun roba tana tara lantarki.

Dogon aiki, ko da akwai wutar gari, gara ka tayar da janareta tun farko. Man da za ka ƙona bai kai kuɗin fallen da ɗaukewar wuta za ta lalata ba.

Mataki na uku: fara koyo tun inji bai iso ba

Rabin aikin a kwamfuta yake, kuma wannan rabin ba ya bukatar inji. Matakinsa uku ne. Na farko zane: ka zana siffar da layuka a manhaja irin CorelDraw, ko Inkscape wadda kyauta ce, ka ajiye a matsayin DXF ko SVG. Na biyu tsara hanyar bit: ka gaya wa manhaja wane bit, zurfi nawa, gudu nawa, ta ciki za a bi layin ko ta waje. A nan VCarve da Aspire na kamfanin Vectric sun yi suna, kuma suna da na gwaji da za ka sauke kyauta ka yi zane ka ga yadda zai fito. Za ka ji tsofaffin hannu suna ambaton ArtCAM. Kamfanin Autodesk ya daina sayar da ita a 2018, Carveco ce ta gaje ta. Na uku shi ne fitar da fayil cikin harshen da injin ke ji, wato G-code, ta hanyar zaɓar fassarar da ta dace da kwakwalwar injinka.

Ba sai ka iya rubuta G-code ba, amma ka iya karanta kaɗan. G21 na nufin awo da milimita ne, G20 da inci. G0 tafiya ce da gudu ba yanka, G1 yanka ne a miƙe, G2 da G3 lanƙwasa. M3 kunna sifindul, M5 kashe shi. Lambar da ke bayan S saurin juyi ce, ta bayan F saurin tafiya. Wanda ya san waɗannan, in ya buɗe fayil ya ga Z ya sauka zuwa 40 alhali katakonsa milimita 18 ne, zai gane da matsala tun bai taɓa maɓalli ba.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Ba kowane salon rubutu ke da ƙ da ɗ da ɓ ba. In za ka sassaƙa suna irin Ɗanladi ko Ƙofar Mata, duba ka ga ƙugiyar ta fito, sannan ka mayar da rubutun ya zama layuka kafin ka tura shi manhajar yanka. Rubutun Larabci ma haka, domin wasu manhajoji suna raba haruffan ko su juya su. Ka sa wanda ya iya karatu ya duba kafin a yanka. Kuma in aikin masallaci ne mai aya ko sunan Allah, guntayen gwaji ba na zubarwa cikin shara ba ne, a tanadar musu wurin ajiya.

Mataki na huɗu: shirya tebur da gwada gaskiyar injin

Shimfiɗa fallen MDF a kan teburin ka ɗaure shi, wannan shi ne katakon sadaukarwa da bit zai riƙa taɓawa a maimakon ƙarfe. Sa faffaɗan bit na share fuska ka aske kamar rabin milimita daga dukan samansa. In ka shafa ka ji tudu-tudu a tsakanin layuka, sifindul bai tsaya a miƙe ba, sai an sassauta notinansa an daidaita.

Daga nan ka umarci injin ya yi tafiyar milimita 500 ta X ka auna da tef, ka maimaita ta Y. Sannan ka yanka babban murabba'i ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. In awon bai zo ɗaya ba gadar ta karkace, kuma duk ƙofar da ka yanka haka za ta fito a karkace.

Mataki na biyar: bit, da lissafin da ke hana shi ƙonewa

Ba ka bukatar akwati guda na bit. Miƙaƙƙe mai milimita 6 na yanka, mai siffar V na digiri 60 da na 90 don rubutu, mai kan ƙwallo don sassaƙa mai tudu da kwari, da mai haƙori ɗaya don roba irin akirilik. A cikin miƙaƙƙun akwai mai jan gari sama, wanda ke share rami da kyau amma yana tsage fuskar filawud, akwai mai danna gari ƙasa, wanda ke barin fuska sumul amma ramin na cika, akwai kuma mai haɗa biyun wanda ya dace da falle mai leda gaba da baya. Sayi na kabaid mai kyau. Araha ba ta ado, dakusasshen bit shi ke ƙona gefen aiki ya ninka maka wahalar samfefa.

Wajen ɗaurawa, fara cusa kolet cikin notinsa har ka ji ya yi ƙas, sannan ka sa bit, sannan ka murɗa a jikin sifindul da sifana biyu. Kolet ya kama santsin jikin bit, kada ya kama haƙoran. Ka kuma lura cewa bit mai rubu'in inci milimita 6.35 ne, ba 6 ba. Kowanne da kolet ɗinsa, in ka gauraya ko dai ya zame yana cikin aiki ko kolet ya lalace.

Yanzu ga inda sabon shiga ya fi faɗawa. Tsoro kan sa ya bar sifindul a ƙarshen gudunsa, juyi 24,000 a minti, ya kuma rage tafiya ƙwarai, yana ganin hakan ne taka-tsantsan. Abin da ke faruwa shi ne bit ya daina yanka ya koma guga, zafi ya taru, katako ya yi baƙi, bit ya mutu. Zafin yanka yana fita ne tare da ɓarɓashin da ake cirewa, don haka dole kowane haƙori ya sami lomar da za ta ishe shi. Lissafin ba wuya: raba saurin tafiya da saurin juyi, ka sake rabawa da yawan haƙora. Bit mai milimita 6 mai haƙori 2, a juyi 18,000 da tafiyar milimita 3,600 a minti, kowane haƙori na cin milimita 0.1, kuma wannan awo ne mai kyau na farawa a MDF. In injinka ƙarami ne ba ya jure wannan gudu, sauke tafiya zuwa 2,500 ka kuma sauke juyi zuwa 14,000, lomar ta dawo kusan 0.09. Zurfin kowane zagaye kuwa, fara da rabin kaurin bit, wato milimita 3, in inji ya nuna yana da sauran ƙarfi ka ƙara.

Tsaya da aiki ka ɗebi abin da ke fitowa a tafin hannunka. A katako na gaske irin madaci, in ka ga ƙananan ɓarɓashi masu ɗan lanƙwasa kamar tsakin masara, kana kan hanya. In gari ne laushi mai ɗumi da ƙaurin ƙuna, ƙara tafiya ko rage juyi. In kuma ƙarar ta koma kuka mai kaifi, gefen yanka ya yi tsalle-tsalle, to ka cika wa bit baki, rage zurfi.

Mataki na shida: aikin farko

Yi allon suna mai santimita 30 da 15 a guntun MDF. Auna kaurinsa da ma'aunin baniya, domin abin da ake kira 18 a kasuwar 'yan katako sau da yawa bai cika 18 ba, ka shigar da ainihin awon a manhaja. Ɗaure guntun da kilam huɗu ko ka sa sukuru a kusurwoyi inda ka tabbata bit ba zai bi ba. Gwada tura shi da ƙarfi, in ya motsa ko kaɗan sake ɗaurewa.

Kunna inji ka tura shi gida, wato kusurwar da makunnan iyaka suke, don ya san inda yake. Sannan ka kai bit kusurwar katakon da ka zaɓa a manhaja ka sa X da Y su zama sifili. Wajen Z, sa farar takarda tsakanin bit da katako, ka riƙa sauke shi kaɗan-kaɗan kana jan takardar har ta fara cijewa, nan ne sifili. Ka tabbata manhaja ma daga saman katako take lissafi ba daga tebur ba. Rubuta lambobin wannan wuri a littafi. Ranar da wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, waɗannan lambobi ne za su mayar da kai daidai inda ka fara.

Kafin yanka, ɗaga sifilin Z sama da katako ka bar injin ya yi aikin a iska, kana kallon ko zai doki kilam. In lafiya, mayar da sifili, kunna famfon ruwa ka ga ruwa na dawowa cikin bokiti, bar sifindul ya ɗan ɗumama na 'yan mintuna, sannan ka fara da hannunka kusa da jan maɓallin tsayawa. Rubutun ciki shi ne farko da bit mai V, yankan kewaye shi ne ƙarshe. In ka sauya bit, Z kaɗai za ka sake saitawa. A yankan kewaye ka bar ƙananan gadoji huɗu da za su riƙe allon kada ya kuɓuce ya daki bit, daga baya ka yanke su da kurfi.

In ka kai ga haɗa kabod, ka tuna bit zagayayye ne, ba ya fitar da kusurwar ciki mai kaifi. Manhajojin suna da hanyar ƙara ɗan rami a kowace kusurwa don haɗi ya zauna.

Lafiyarka da ta yaran shago

Wannan ban ɗauke shi da wasa ba. Ƙurar katako tana cikin abubuwan da hukumar binciken cutar daji ta duniya ta tabbatar suna jawo cutar daji, ta MDF kuma ta fi laushi kuma tana ɗauke da gam mai sinadarin fomaldihaid. Sa injin zuƙar ƙura da burushi a kan sifindul, kowa ya sa takunkumi na gaske, da gilashin ido da abin toshe kunne. Babbar riga, hannun kaftani mai faɗi, carbi a wuya da safar hannu, duk a cire kafin a matso. Kada kowa ya kai hannu share gari bit na juyi. Kuma kada a bar inji yana aiki shago babu kowa, domin bit da ya maƙale cikin garin MDF yana iya tayar da wuta cikin ƙanƙanin lokaci. In lokacin salla ya yi, danna dakatarwa, ɗaga bit, kashe sifindul. Ajiye tukunyar kashe gobara kusa da ƙofa.

Kowace yamma a goge reli da haƙoran tafiya, a sa mai ko giris yadda littafin injin ya ce. Ruwan sanyaya ya zama tatacce a rufe, a riƙa sauya shi, da bazara kuma a riƙa taɓa jikin sifindul, in hannu ba ya iya zama a kai a tsaya a duba famfo.

Yadda za ka yi farashi

Manhaja tana nuna lokacin da aiki zai ci, da shi za ka yi ciniki. Yanka da rubutun V suna da sauri, sassaƙa mai tudu da kwari ita ce mai cin lokaci. Ɗauki allo mai milimita 600 da 400, da bit mai kan ƙwallo na milimita 6 yana matsawa milimita 0.6 a kowane layi don fuska ta yi santsi. Layi kusan 667 ke nan, kowanne milimita 600, jimilla mita 400. A tafiyar milimita 3,000 a minti ya haura awa biyu, ban da zagayen farko na rage tudu da hawa da saukar da ke rage gudu. Don haka kan gado guda mai cikakkiyar sassaƙa yana iya cinye yini. Lissafa man janareta na awa ɗaya, da rabon kuɗin bit, da lokacin da ka ɓata a zane, da ɗan abin da za ka ware don gyara, ka fitar da kuɗin awa guda na injinka. Karɓi kafin alƙalami, kuma ka tura wa mai aiki hoton zanen ya amince da rubutu da awo kafin ka ɗora katako.

Kafintocin layinku ma kwastomomi ne. Yanka musu samfurin ƙofa uku ko huɗu da zanen dagi da na fure, ka rataye a bakin shago da lamba a jikin kowanne. Su kawo fallensu su faɗi lamba, kai ka caji kuɗin yanka, fayil ɗin kuma yana nan a ajiye don oda ta gaba.